Rasuwar 'Yar Gwaram, Tocilar da ke Haska wa Malam Sada Karatu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ta ƙi hucewa, ni Ubaidullahi Dogara na Kiyako, a madadin kaina da iyalina, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar tocilata, wadda aka fi sani da 'Yar Gwaram. Ta cika ranar Talata tsakanin magariba da isha'i, a masallacin unguwarmu, tana bakin aikinta, a hannuna na dama.

A kasuwar Gwaram na samo marigayiya. Su uku na tarar a kan tebur. Ɗaya mai rediyo a jiki, sai surutu, haske kuwa babu. Ɗaya mai faifan sola a gadon baya, ba ta shiga aljihu sai an yaga shi. Sai ita, 'yar siririya, da kaɗan ta fi ɗan yatsa, ana cajinta da wayar cajin salula. Ita na zaɓa, kuma ban yi nadama ba, ko me wasu ke faɗa yanzu.

Marigayiya mai kunya ce. Ba ta taɓa dalle wa babba ido ba. Haskenta ja-ja ne, mai sanyi, iya inda aka nuna mata take tsayawa. In an danna ta sai ta ce “ƙas”, in an sallame ta ta sake cewa “ƙas”, ba ta da wata magana bayan wannan. Ta sha nuna mini kunama a bakin rumbu, ta sha nemo wa matata Juwairiyya allura a ƙarƙashin gado.

Amma babban aikinta shi ne karatun Malam Sada. Kowa a Kiyako ya sani, in an idar da magariba Malam zai buɗe littafin fiƙihu, kuma mai riƙe masa fitila shi ke zama a damansa, gwiwa da gwiwa. Shi ake fara miƙa wa shayi bayan Malam, shi ke ɗaukar masa jaka. Shekara da shekaru wannan wuri nawa ne, albarkacin marigayiya.

Ciwon ajalinta ya samo asali ne daga dawowar Ikrima, ɗan ƙanen mahaifina, daga Kano. Ya zo da wata baƙar tocila mai maganaɗisu a gindi, ana manna ta a jikin ƙofa ta tsaya da kanta. Wai tana nuna sauran cajinta da lamba, wai in ka ja wuyanta haskenta sai ya kai tsallaken fadama. To, me mutum zai nema a tsallaken fadama? Na ga dattawa masu furfura suna karɓarta hannu da hannu kamar jaririya ranar suna, har da waɗanda marigayiya ta sha raka su gida. Na ji haushi, ba zan ɓoye ba, kuma har gobe ina ji.

Ran nan ne Ikrima ya dubi marigayiya ya ce, “Yaya, 'yar abar nan taka akwai ƙoƙari.” Bai ce tubarkalla ba, shaidu suna nan. Tun daga ranar ta fara lumshe ido, sai na ɗan buga ta a tafin hannu take farfaɗowa.

Na garzaya da ita wajen wani mai gyara a Birnin Kudu. Ya duba ya ce lafiyarta lau, tsufa ne kawai. Na ce ya sa mata batir mai ƙarfi, wanda zai kai tsallaken fadama. Ya ce cikinta ba zai ɗauka ba, na ce ya sa. Masu cewa batirin ne ya kumbura ya kashe ta, su je su ji da bakinsu. Ni na san bakin da ya kama ta.

A ranar da za ta cika, Malam yana tsakiyar layi sai ta yi “tsss”, ta yi ɗumi a hannuna, ta ɗauke. Ban gama jijjiga ta ba Ikrima ya miƙo tocilarsa ta saman kafaɗata, ko kunya babu, shafin ya yi fari fat. Malam ya gyara tabarau, sannan ya ce, “Ikon Allah. Ashe akwai sharhi a gefen nan.” Ya karanta ƙananan rubutun tas, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba, yana murmushin da ban taɓa gani ba duk zamana a damansa. Gawa tana hannuna da ɗuminta ake wannan murmushi.

Marigayiya ta rasu ta bar wayar cajinta, da igiyar hannunta, da kakarta fitilar ƙwai wadda ta daɗe da yin ritaya a kan katanga, da ni.

Masu tambayar wace za ta gaje ta, su yi haƙuri. Na zaga kasuwar Birnin Kudu, na danna kowace tocila da ke cikinta. Guda ɗaya ce ta kwanta mini, ita kuwa irin ta Ikrima ce sak, kuma ba zan saya a ce na yi koyi da yaron da na goya ba. Na sanar a gida cewa ina takaba. Juwairiyya ta ce namiji ba ya takaba, na ce a kaina za a fara.

Jiya Ikrima ya zo gaisuwa, ya durƙusa har ƙasa, ya ce, “Yaya, ni hannuna rawa yake, kai ka san inda idon Malam ke bi. Wurinka naka ne, ka riƙa riƙe masa tawa.” Malam ma ya aiko cewa haka za a yi. Na nemi aibu a maganar yaron nan na rasa, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Za a binne marigayiya gobe bayan la'asar a bayan rumbu, tun da sauran hasken rana, don kada wani ya samu dalilin zuwa da tasa. Malam ya ce ba a yi wa tocila salla, saboda haka addu'ar haƙuri ga mai ita ta wadatar. Za a karɓi gaisuwa a zaurena har zuwa kiran magariba, daga nan zan wuce karatu, in zauna a wurina, riƙe da tocilar Ikrima. In an tashi zan mayar masa da abarsa a ƙofar masallaci. Ya ce zai riƙa haska mini hanya har gida, kuma ana roƙon jama'a, duk wanda ya gamu da mu, ya wuce kawai kada ya gaishe ni.