Gyara Biyu, Inji a Tsaye

"...lafiya lau, tsohon miji. Ashe kana raye? Na ji shiru, na ce ko an binne ka da imel ɗinka."

Da wannan gaisuwar ta wasan kaka da jika wata budurwa ta shigo shagona, ta tarar da kakanta a zaune. Buga takardu nake yi, kuma manhajar da ke tuƙa injina ta kyauta ce, 'yan sa kai ke kula da ita. Wani tsoho a unguwarmu ne kaɗai ke da izinin shigar da gyara, jikar tasa kuma tana cikin masu rubuta gyaran. Tun da aka sabunta manhajar injina ke fitar da rabin shafi, ga takardun jarrabawar wata makaranta za a karɓa gobe. Shi ya sa na kira su.

"Amarya mai ƙafar sauro, ke za ki binne ni? Ai na sake ki tun ranar da kika kwashe min yara zuwa guruf ɗin hira."

"Yo wa zai zauna a zauren imel ɗinka? Mutum ya yi tambaya, ka amsa da shafi uku, biyu duk faɗa ne don ya rubuta amsarsa a sama ba a ƙasa ba."

"Gara faɗana. Na taɓa leƙa guruf ɗinku: hoton kyanwa, hoton babban yatsa, wani na cigiyar caja. Maganar jiya ma sai an haƙo ta da diga."

Na ce, "Ni fa injina."

"Ai tun makon jiya na gyara," in ji ta. "Na saka a guruf, angon nan ne bai shigar ba."

"Ƙarya kike! Ni na gyara, na tura imel ina neman mai gwadawa. Ko tari babu wanda ya yi."

Na dube su. Gida ɗaya suke kwana, ƙofarta na kallon tasa.

"Wato sau biyu kuka gyara abu ɗaya, ni ina nan ina asarar takarda?"

"Shi ka tambaya. Kullum a bakin famfo muke haɗuwa."

"Ba na maganar aiki da buroshi a baki."

"Wane buroshi? Haƙoran nawa suka rage?"

Na jawo benci na ajiye gaban injin. Na ce duk mai gyara ya gwada, surutu ya ishe ni. Aka sa na tsoho, shafi ya fito fari fat. Aka sa nata, ya fito cikakke.

"Ka gani? Rabin da ya rage ma ka cinye."

Tsoho ya yi dariya har da tari, ya jawo kwamfutarsa.

"Na mai da ke ɗakinki. Ga izinin shigar da gyara, shi ne sadakinki. Amma a zauren imel za ki sanar."

"Wa zai karanta?"

"Ni mana. Kuma saura ki rubuta a sama."