Tunkiya a Bakin Rimot

"Lafiya lau, amarya. Ya zafi? Ya gwiwa? Na ga dai har yau mutuwa ba ta gane kwatancen gidan nan ba."

"Ta gane. Jiya ma ta zo. Na ce ta ɗan jira in ga ranar da za ka yi hankali, ta ce ba ta da wannan lokacin, ta tafi."

Ya Kellu ba ta ko ɗaga kai daga farantin gyaɗar da take ɓarewa ba. Tana zaune a inuwar darbejiyar tsakar gidanta a Kademi, bazara ta kai maƙura, ƙasa tana fitar da huci kamar bakin murhu. Tun da ta ji mota ta shigo ta wajen danga tana tari ta san jikanta ne, Muhyiddeen, ɗan babban ɗanta, wanda yake da shagon waya a Gaya. Ta kuma san ba gaisuwa ce ta kawo shi da tsakar rana ba, domin ga bakin igiya nan yana leƙowa daga aljihun kaftaninsa, ga idonsa yana ta satar kallon turke.

A turken tunkiya ɗaya ce ta rage, fara mai baƙin kunne, ciki ya yi mata nauyi. Tasa ce. Ya Kellu ce ta ba shi uwar kakarta ranar sunansa, ita kuma ta yi ta kiwon zuri'ar har suka cika turke. Da ya girma sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya: wannan ta tafi a waya, waccan a babur, sauran suka shige cikin motar nan. Wadda ta rage ita ce abokiyar hirar tsohuwa tun rasuwar maigidanta.

"Igiyar mece ce wannan? In rataye kanka za ka yi, ka fita waje. Jiya na share gida."

"Wurin dukiyata na zo, amarya. Kasuwa za mu."

"Dukiyarka! Ka taɓa yanko mata ciyawa? Ka san kalar kashinta?"

"Wannan ai aikin ma'aikata ne. Mu masu kaya sai dai mu zo ɗauka."

"To mai kaya, me kuma za a saya? Hankali? In shi ne, tunkiya ɗaya ba za ta isa ba."

Muhyiddeen ya ja turmi ya kife ya zauna, ya ɗebi gyaɗarta ba tare da an ce masa bismillah ba.

"Wani abu zan sa wa mota. Rimot. Kina nan zaune, motar tana can ƙofar gida, sai ki danna, ta tashi da kanta. Esi ya kama, kafin ki shiga ta yi sanyi kamar randa."

"Ba kowa a ciki?"

"Ba kowa."

"A'uzu billahi. Mu a zamaninmu in abu ya motsa ba kowa a ciki malami ake kira. Ku kuma kuɗi kuke biya a sa muku."

"Ke a zamaninki ai jaki ne babbar mota."

"Jakin kakanka daga nesa ake kiransa ya taho, kuma dusa kawai yake ci. Nawa ne wannan aljanin naka?"

Ya ɗan sosa ƙeya. "Ita kanta na'urar ba tsada, dubu sittin. Kuɗin ɗaurawa ne ya ɗan yi sama. Na je wurin dila a Kano, suka ce ɗari da ashirin."

"Naira ɗari da ashirin? Ɗauko min lalitata."

"Dubu, tsohuwa. Dubu ɗari da ashirin."

Ya Kellu ta ajiye farantin. Ta dube shi tun daga hula har takalmi, a hankali, kamar mai tayin sa a kasuwar shanu.

"Tsaya in gane. Kayan sittin, mai ɗaurawa ɗari da ashirin. Wato ka sayi akuya, mai ɗaure maka ita a turke ya karɓi kuɗin biyu. Da hannun zinare zai ɗaura? Ko in ya gama zai zauna a cikin motar ya riƙa yi maka fifita?"

"Ba ki gane ba. Ba waya biyu ake haɗawa a tafi ba. Sai sun kwance ƙasan sitiyari gaba ɗaya, su sa kwamfuta, su koya wa ƙwaƙwalwar motar ta yarda da sabon makulli. Wuni guda ake yi. Kuma suna ba da tabbaci, in ta lalace ka koma su gyara kyauta."

"Mota tana da ƙwaƙwalwa?"

"Tana da ita mana."

"Alhamdu lillahi. Ashe akwai mai ita a cikinku."

Muhyiddeen ya yi dariya har gyaɗa ta sarƙe shi. Ta tura masa kofin ruwa da ƙafa.

"Ɗantani mai gyaran waya na bakin tashar Gaya fa? Ya mutu?"

"Ɗantani? Allah ya kiyaye. Ya sa wa wani mutumin Balan, yanzu in aka danna rimot ham ne yake tashi, ba ya kuma yin shiru sai an cire kan batir."

"Ai gara wannan. Ko ba komai tana sallama. Taka fa? Ba ita ce wancan satin sai da samarin layin nan suka tura ta har gindin kuka kafin ta tashi ba? Motar da kana ciki, kana roƙonta, kana kiran sunan Allah ba ta tashi, ita ce za ta ji maganarka daga nesa?"

"Batir ne. Dilan ya ce in zo da sabo."

"Shi kuma da me za a saya? Ni za ka kai kasuwa?"

"Wa zai taya? Ba haƙori, ba gudu, ga yawan ƙara."

"Kakanka shanu ya bayar kafin a bar shi ya ga ƙafata. Kai ko da tunkiya ɗaya kake rarrafe. Faɗa min gaskiya, angon banza. Zafi ba yau ya fara ba. Wace ce?"

Ya sunkuyar da kai yana murza ɓawon gyaɗa. Ya Kellu ta san wannan halin nasa tun yana tsumma.

"Surayya," ya ce. "Ta garin Gafasa."

"Jikar Hure?"

"Ita. Ranar ɗaurin auren abokinmu, wani abokina Gwadabe ya tsaya a ƙofar masallaci ya danna nasa rimot ɗin. Motar tana can gindin darbejiya ta yi gurnani, fitilu suka kama. 'Yan matan da ke zaure duk suka leƙo. Har da ita. Ta ce, 'Kai, Gwadabe!' A gabana, tsohuwa. Ni kuwa sai da na jira kowa ya watse kafin na nemi masu turi."

Wani abu ya ɗan taɓa ran Ya Kellu, domin muryarsa ta sauka, ta koma irin ta yaron da aka ƙi sa wa a wasa. Amma ba ta bari ya gani ba. Ta san tunkiyar tasa ce, in ya miƙe ya kwance ta babu mai hana shi, ko gaban mai gari aka je. Ta dubi dabbar tana tuƙa, cikin nan yana motsi, ta tuna gobe da asuba za ta fito ta tarar da turke wayam, babu mai amsa mata in ta yi magana.

"Yarinyar da ƙarar inji take juya wa kai," ta ce, "ka yi addu'a kada mai tarakta ya bi ta ƙofar gidansu."

"Ke dai kishi kike."

"Da wa? Da mai jiran rimot? Tashi mu je. Tunda abin da kake so mota ta tashi kana nesa, ni zan zama rimot ɗin. In zauna a ciki in kwanta, ka tsaya can ka ɗaga hannu, in murɗa. Kuɗin ɗaurawa goro ɗaya."

"Ke? Ko rediyo ba ki iya kunnawa ba."

"Ba ni makullin, matsoraci."

Don ya ga ƙarshen abin ya miƙa mata. Ta dogara sanda ta isa motar, wadda ya ajiye hancinta na kallon dangar karan da ta raba gidan da garkar maƙwabta. Ta shiga da ƙyar, gwiwa na ƙara, kanta ko sitiyari bai wuce ba. Ya nuna mata ramin makulli, ya koma gindin darbejiya yana riƙe ciki don dariya, ya ɗaga ɓawon gyaɗa sama kamar rimot.

"Amarya, na danna!"

Ta ce bismillah, ta murɗa.

Motar ta yi wani tsalle kamar an tsikari doki. Ta zabura gaba, ta zabura kuma, ta tafi da dangar gaba ɗaya, ta ture tulun da ke gindinta, ta cusa hanci cikin kunyar albasar maƙwabta, sannan ta mutu. Kaji suka watse. Tunkiya ta fizgi turke tana kuka.

"Innalillahi! Kaka! Kaka!"

Rabon da ya kira ta Kaka har ta manta. Ya fizge ƙofar, fuskarsa ta yi fari, yana taɓa kafaɗarta, yana duba goshinta. Ta ture hannunsa don kada ya gane ita ma ta tsorata.

"Sake ni. Me ya same ta? Aljanin ya riga dila isowa?"

"A giya na bar ta. Na manta."

"Me ya sa a giya?"

"Birkin hannun ba ya kamawa. In ban sa giya ba gangarawa take."

Ya Kellu ta fito, ta tsaya ta dubi karan da suka kwanta da fasasshen tulu, ruwa yana bin ƙasa. Da ta yi magana babu dariya a muryarta.

"Wato birki ba ya kamawa, batir ba ya tashi, kai kuma mantuwa kamar kakanka. Yanzu da a ƙofar gidan su Surayya ne, kana bakin masallaci kana taƙama, yara suna wasan 'yar gala-gala a gaban motar, ka danna. Sai ka ce da iyayensu me? Ka ce dila ya ba ka tabbaci?"

"Ai su suna sa wani abu da yake hana ta tashi in tana giya. Shi ya ƙara kuɗin ma."

"Su sa maka wanda zai hana ka barin ta a giya. Nawa ne shi?"

Ya tsaya yana kallon inda tayar ta murƙushe tulun. Ita kuwa ta ja ƙafa ta koma kujerarta, ta zauna kamar ba abin da ya faru.

"Fitar min da gawar nan daga albasar mutane kafin Malam Bala mai garkar ya dawo daga gona."

Ya shiga ya murɗa. Motar ta yi ƙyat-ƙyat, ta yi shiru. Ya sake, ko ƙyat ɗin ma ta ƙi. Ya cire giya, ya fito, ya naɗe hannun kaftani, ya dafa hancinta. Ya Kellu ta ɗauki maficinta ta nuna shi daga inuwa.

"Na danna. Tashi!"

Ya tura, motar ta ɗan ja baya.

"Na ƙara dannawa. Ƙarfi!"

"Tsohuwa, wallahi..."

"Ka ga nawa yana aiki. Daga nesa, ba batir, har gumi yake fitarwa. Wayyo, ina Surayya ta leƙo ta ce, 'Kai, Muhyiddeen!'"

Dariya ta ci ƙarfinsa. Ya saki motar ya zube a kan karan danga, ƙafa cikin laka, yana dariya har da hawaye.

"Na sallama. Riƙe tunkiyarki, mayya. Birki zan gyara, in sayi batir da cinikin shago."

"Tunkiyarka dai. Ni ma'aikaciya ce."

Ta miƙe ta shiga ɗaki. Ya ji tana jan akwatin ƙarfenta na ƙarƙashin gado. Ta fito da wata 'yar kwalba a naɗe cikin tsumma, tun kafin ta iso ƙamshi ya riga ta. Humra ce, haɗin hannunta, irin wadda ta koya a wurin uwarta mutuniyar Barno, wadda matan Kademi suke roƙo ba ta bayarwa.

"Ungo. Kai wa jikar Hure, ka ce daga hannuna. In ta buɗe wannan ta sake tuna motar Gwadabe, ka bar masa ita, ba ta da hanci."

Muhyiddeen ya goge hannu a riga, ya karɓa da hannu biyu. Ya shinshina, ya lumshe ido, sannan ya dube ta ta gefe.

"Na gode, amarya. To kuɗin ɗaurawa fa? Na san ku dillalai, kayan ba tsada, sai an zo nan."

Ta koma kujera ta jawo farantin gyaɗarta, ta nuna masa karan da ke kwance da mafici.

"Ga shi can. Ɗaura min dangata."