Hular Haladu Rabin Likita

Wani mutum ne a unguwarmu ana ce masa Haladu Rabin Likita. Ba kowa ya raɗa masa sunan ba, shi ya raɗa wa kansa. Asalin abin kuwa, wata goma sha ɗaya ya yi yana gadi a wani asibitin fata a birni, buɗe ƙofa, rufe ƙofa, sai ɗaga wa likitoci hannu in sun wuce. Amma in kun ji shi a majalisa, sai ku rantse da shi aka haƙa harsashin asibitin.

"Ni fa da ido nake gane ciwo," haka yake cewa, yana kaɗa ƙafa. "Kyasbi ne, ƙazuwa ce, makero ne, tun mutum yana tsallaken titi na gama haɗa masa magani a kaina. Babban likitan ma sau nawa yana leƙowa ta taga, ya ce, Haladu, zo ka duba min wannan, ya fi ƙarfina."

Jama'a dai sai su ce Allah ya ƙara basira, su ci gaba da shan rakensu. Wa ke da lokacin musu da Haladu? Matarsa ma, an ce labarin asibitin ne ya ishe ta, ta tattara kwanukanta ta yi gaba.

Shekara biyu yana gwauranci, sai Allah ya haɗa shi da Saude, wata bazawara mai yin alkaki da dubulan a bayan kasuwa. Wannan karon ba cika baki ba ne, son ta ya kama shi da gaske, har rama ya yi. Ita ma ta ɗan saurare shi. Sai dai maganar aurenta tana hannun kawunta, Kawu Barau, tsohon direban babbar mota, wanda ya shekara talatin a kan titi kuma ba a kawo masa wargi. Kawu ya aiko cewa Haladu ya zo ranar Asabar bayan azahar ya gan shi ido da ido. In ya gamsu, zai ba shi izinin turo magabata. In bai gamsu ba, magana ta ƙare.

Ranar Talata da safe Haladu ya zo shafar kai a alwala, sai ya ji wani wuri a tsakar kansa yana ƙaiƙayi. Ya haɗa madubi biyu ya leƙa. Innalillahi! Ga abu nan zagaye kamar kwabo, ya yi fari-fari, gashin wurin ya zube. Makero. Ciwon da ke kama yaran firamare, shi ne ya rasa inda zai sauka sai kan Rabin Likita, saura kwana huɗu ya je gaban surukai.

Ya danna hula har gira, ya hau a-daidaita-sahu zuwa can wata unguwa inda ba wanda ya san shi, ya shiga wani babban kemis. Wata mata ce a ciki, da farar riga da tabarau.

"Hajiya, wani abokina ne makero ya fito masa a ka."

Ta dube shi, ta dubi hannunsa da ke ta kai-komo a ƙeya.

"To, Malam, cire hular in ga abokin naka."

Ya sha mur, amma ya cire. Ta duba da kyau, ta ce, "Makeron ka ba ya jin man shafawa shi kaɗai. Ka je ka ga likita ya rubuta maka na sha, za ka yi makonni kana sha, ko ya ɓace kada ka tsaya sai ka cika kwanakin. Ka wanke hulunanka da matashinka, kada ka yi aron hula ko mataji. Kuma don Allah kada ka haɗa mayuka barkatai. Akwai wanda in ka shafa ƙaiƙayin zai lafa, amma ciwon ƙara yaɗuwa zai yi."

"Makonni?" in ji Haladu. "Kwana huɗu gare ni! Kin san da wa kike magana kuwa? Tun kina goye nake harkar fata."

"To Allah ya ba abokin naka lafiya."

Ya fito yana tsaki, wai yaran zamani sai takarda ba ilimi. Ya zarce tasha wurin masu tallar magani a faranti, ya sayi mayuka kala uku da rana ta gama dafawa, ya ƙara da man bilicin, wai don wurin ya saje. A gida ya matse su tas a gwangwanin madara, ya daka tafarnuwa ya zuba, ya gauraya da tsinke. Ya lafta kamar mai yaɓen ɗaki.

Laraba ta wuce. Alhamis ta wuce. Kwabo ya zama sule, ya kuma haifi ƙanana biyu a gefe. Hankalin mutumin naku ya tashi. Can ya tuna da wani magani da shi kansa ya sha gaya wa mutane a majalisa, ko da yake bai taɓa ganin wanda ya gwada ba: man birki. Ya nufi garejin amininsa Tanimu bakanike, wanda zai raka shi gidan Kawu.

"Tanimu, ɗan sam min man birki a murfin kwalba."

"Kai da ko keke ba ka da shi?"

"Ƙyauren ɗakina ne ke ƙara."

Tanimu ya tsiyaya masa, bai kawo komai a ransa ba.

Ranar Asabar Haladu ya yi wanka, ya zuba man birkin a gwangwani ya juya. Ya ce tunda yau ce ranar, bari a ninka. Ya lafta, ya ƙara laftawa, ya ɗauko sabuwar hularsa mai aikin kore da ja ya kafa a kai, ya danna. Ya zuba farar shadda, ya feshe jiki da turare don ya danne tafarnuwa. A hanya ya ɗan ji zafi-zafi, ya ce a ransa, yauwa, magani ya fara aiki.

Zauren Kawu Barau rufin kwano ne, ga shi ana tsakiyar bazara. Suka yi sallama, suka tuɓe takalma, Tanimu ya ajiye ƙullin goro. Haladu ya durƙusa a gefen tabarma, ya sunkuyar da kai, ya ɗora hannuwa a gwiwa. Kun dai san zaman gaban suruki: ba a ɗaga ido, ba a motsi, balle a kai hannu a yi susa.

Kawu kuwa mutum ne mai dogon gaisuwa. Ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi zafi, ya tambayi mutanen unguwa ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ya shiga labarin yadda gada ta taɓa karyewa da shi da lodin albasa.

A ƙarƙashin hula kuwa an hura wuta. Da farko kamar tururuwa ke yawo. Can kamar an zuba barkono. Can kuma sai Haladu ya ji kamar an kifa masa kaskon suya. Ya cije leɓe. Ya murza yatsun ƙafa. Ya tuna Saude, ya ce ko mutuwa zai yi ba zai motsa ba.

"Malam Haladu," in ji Kawu, "an ce min kai rabin likita ne."

"Ranka ya daɗe, har... har da ɗan ɗori."

Wallahi a cikin wannan azabar ma bakin bai daina ba.

"Madalla." Kawu ya naɗe ƙafar wando, ya miƙo ƙwauri. "Duba min nan. Wata uku yana min ƙaiƙayi. An ce in je asibiti, na ce a'a, tunda likita zai shigo gida."

Haladu ya ƙara sunkuyawa don ya duba. Ɗis! Wani koren ɗigo ya sauko ta goshinsa, ya bi karan hanci, ya faɗa kan farar shadda. Ɗis! Wani ja ya biyo baya. Haɗin ya narke, ya kuma narkar da rinin hular.

Tanimu ya zaro ido, ya raɗa masa, "Haladu, fuskarka!"

"Gumi ne," in ji Haladu ta cikin haƙora.

"Gumi kore?"

Kawu idonsa ya ɗan yi rauni, amma hancinsa garau yake. Ya ɗaga kai ya shaƙa, ya sake shaƙa.

"Tanimu, da mota kuka zo ne?"

"A'a, Kawu, a ƙafa muka zo."

"To wa ke yoyon man birki a zaurena? Shekara talatin ina shaƙar abin nan, ko a kabari aka buɗe shi zan gane. Har da tafarnuwa ma." Ya juyo. "Kai likita, ba ka ji ba?"

"Ban... ban ji ba, ranka ya daɗe. Wannan ciwon naka ƙaramin abu ne. Akwai wani haɗi nawa na musamman, kwana uku kacal..."

"Yauwa! Da me da me ake haɗawa?"

Haladu ya buɗe baki zai amsa, sai wani raɗaɗi ya tsarga masa tun daga tsakar ka har tafin ƙafa. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Wayyo Allah kaina!"

Ya yi zumbur ya miƙe, ya kama hula da hannu biyu ya ja. Hula ta ce ba inda za ta. Ta manne da fata ƙam. Ya sake ja, ya ƙwala ihu. Ya yi ƙofar waje, ya hango mutane a zaune, ya juyo. Kunya ta ƙare. Ya banke labule ya faɗa tsakar gidan surukai ba ko sallama, yana tsalle yana fifita kai da hannun riga.

"Ruwa! Ruwa, jama'a! Gobara!"

Saude tana tsugune tana wanke kwanukan alkaki. Kafin ta ce wani abu, mai neman aurenta ya zube a gabanta ya tsoma kai cikin bahon wanke-wanke, tsulum, har wuya. Kaji suka watse. Maƙwabta suka fara leƙe ta kan katanga.

Saude ce ta yi ta zuba ruwa a gefen hular, Tanimu yana ɓamɓarowa a hankali, Haladu yana kiran sunan uwarsa. Da ƙyar hular ta fita, da sauran gashin wurin gaba ɗaya. Kan ya yi jawur, ya kumbura, ya yi ƙuraje ruwa-ruwa, ga makeron nan zaune daram a tsakiya ko gezau bai yi ba.

Tanimu ya shinshina hular, ya riƙe baki. "Haladu! Ashe kai ne ƙyauren?"

Saude ta dubi kan, ta dubi fuskar da ta yi kore da ja, ta tambaye shi a hankali, "Wa ya haɗa maka wannan?"

Ya yi tsuru-tsuru, ruwan wanke-wanke yana ɗiga daga gemunsa. "Ni ne."

"Shi za ka ba Kawu ya shafa a ƙafa?"



Ta miƙe ta goge hannu a zani. "Kawu, a mayar masa da goronsa."

Nan Haladu ya ji abin da ya fi man birki zafi, don har ga Allah yana son matar nan. Kawu Barau ya tako da sandarsa, ya zagaya shi sau ɗaya, ya sunkuya ya ƙare wa kan kallo. Sannan ya ɗaga murya yadda na kan katanga za su ji.

"Tanimu, je ka tsayar mana da a-daidaita. Kai kuma likita, gaya min gaskiya tun kafin ya iso, don in san abin da zan ce wa direba. Asibiti za mu kai ka, ko gareji?"