Ranar da Aka Gwada Tansiyona a Gaban Jama'a

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba cikin shekarar 1994 ba. Lokacin ina majo, wato babban ma'aikacin jinya, a wani ƙaramin gidan likita a Madarunfa. Shekarata sha ɗaya ina aiki, sai aka turo mana sabon ma'aikaci, Isufu, daga lakkwal, wato makarantar koyon jinya ta Yamai. Wata biyu kacal, tsofaffin da na saba yi wa allura suka koma layinsa. Har wani Alhaji daga Ɗan Isa, mai hawan jini, ya dube ni ya ce, "Majo, yaron nan fa, yana ciki?" (Na ce masa yaron ba ya nan, alhali ina jiyo tarin Isufu daga ciki.)

Ran Larabar nan lokotoro, wato babban likita, ya zo daga Maradi ya tara mu, ya ɗaga wata ƙwayar hawan jini ya tambayi inda take aiki. Isufu ya ce a ƙwaƙwalwa: akwai wasu ƴan ƙofofi can da ke karɓar saƙo, in ƙwayar ta taɓa su, sai ƙwaƙwalwa ta rage umarnin da take aika wa jijiyoyi su matse, jini ya sauka. Lokotoro ya tafa masa. Tafin nan a ƙirjina ya sauka.

Na miƙe. "Lokotoro, a gafarce ni. Jini aikin zuciya ne. Mi ya gama shi da ƙwaƙwalwa? Karatun takarda daban, aiki daban."

Ya yi murmushi. "Majo, in an gwada hawan jininka, tansiyonka nawa ka saba gani?"

"Sha biyu, kullum, lafiya lau," na ce, har da bugun ƙirji.

"To miƙo hannu. Isufu, gwada shi."

Isufu ya ɗaura mini abin gwaji, ya hura, ya saurara. Ya sake. Cikin ladabi ya ce, "Yaya, ya hau har sha bakwai."

"Ka yi gudu ne?" in ji lokotoro. "Ka ɗauki kaya? Kunnenka kawai ya ji an yabi wani, ƙwaƙwalwa ta aika wa jijiyoyi su matse. Mun gode, Majo, ka hutar da ni zane a allo."

Ungozomarmu ta yi dariya har kallabinta ya zame. Isufu kaɗai bai dara ba, wannan kuwa ya fi yi mini ciwo.

Tun daga nan na gane: baki yana iya rantsuwa cewa ba ya hassada, amma kada mai shi ya yarda a ɗaura masa abin gwaji.