Ranar da Nomau Ya Goya Yayarsa a Keke

A wani ƙauye da ake kira Kwarin Marke an yi wani mutum mai suna Nomau. Ba mahaukaci ba ne, kuma babu mugunta a ransa ko kaɗan. Matsalarsa ɗaya ce: yadda magana ta fito daga bakinka haka yake ɗaukarta. In ka ce masa ya sa ido a kan akuya, sai ka dawo ka tarar ya durƙusa ya manna fuska a gadon bayanta. Sana'arsa kai wa matan gari niƙa inji a kan wani tsohon baƙin keke. Su uku ne a gidan: shi, da matarsa Tabawa, da yayarsa Delu, wadda ta raine shi tun rasuwar mahaifiyarsu, ta kuma dawo gidan da zama bayan mijinta ya rasu.

Wata rana Delu da Tabawa suka dawo daga babban asibiti a birni. Delu ta shige ɗaki. Tabawa ta ja mijinta gefe ta ce a hankali, "Maigida, likita ya ce ciwon daji ne, a mama."

Nomau ya ce, "Daji? Yaya da ko itace ba ta zuwa yi?"

Ya zagaya bayan ɗakinta, ya ga sabara da geza sun yi duhu har sun taɓo katanga. Ya girgiza kai ya ce, "Ashe shi ya biyo ta gida." Ya ɗauko adda da gatari. Kwana uku yana sara, daga hantsi har rana ta yi ja. Tabawa ta so ta hana shi, Delu ta ce daga kwance, "Ƙyale shi. Shi ma yana so ya yi wani abu ne." A rana ta uku ya leƙo ɗakin, tafin hannunsa duk ya yi bororo.

"Yaya, na kore shi har bakin rafi. Da sauƙi?"

Ta ce, "Da sauƙi, Nomau."

Amma sauƙin bai zo ba. Aka yi ta zirga-zirgar asibiti, maganin ya zubar mata da gashi, ta rame har zobenta yana faɗuwa. Ta daina fita ko ƙofar gida. Ta ce wa Tabawa duk wanda ya tambaya a ce masa shawara ce, domin a garin ba a kiran sunan ciwon nan a fili. Wasu na cewa jifa ne, wasu na cewa ana ɗauka a ƙwaryar sha.

Wata rana bayan an sauko daga Juma'a, Malam Sallau, malamin asibitin garin, ya tsaya a ƙofar masallaci ya yi sanarwa. Ya ce wasu likitoci da samari sun shirya hawan keke daga mararrabar garin har birni, kilomita arba'in, don a tara taimako ga masu binciken maganin ciwon daji. Kafin ya rufe baki Nomau ya ɗaga hannu. Aka yi dariya. Malam Sallau bai yi ba. Ya ce, "Madalla, Nomau. Amma sai ka nemi masu ɗaukar nauyinka."

Ranar kasuwa Nomau ya bi rumfa-rumfa yana buɗe hannuwa. "Alhaji, za ka ɗauki nauyina?" Mai yadi ya ce shi ciwon baya yake fama da shi. Mahauci ya kore shi. Sai wani ƙaton ɗan dako, Barau, ya ce, "Zo nan." Ya saɓa shi a kafaɗa kamar buhun dawa ya shiga zagaya kasuwa da shi, jama'a na shewa. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Wai duk don me?"

Daga can sama Nomau ya amsa da iyakar ƙarfinsa, "Yayata Delu ce ke da ciwon daji a mama! Ana neman maganin, ba a gama samowa ba!"

Barau ya sauke shi a hankali. Wata tsohuwa mai daddawa ta kwance bakin zaninta, ta cire hular Nomau da hannunta, ta jefa abin da ta kwance a ciki. Mai yadi ya biyo baya, mahauci ma ya zo yana sunkuyar da kai. Nomau ya kai wa Malam Sallau hular yana mamaki, ya ce mutum ɗaya ne kawai ya iya ɗaukarsa, amma ga abin da suka zuba.

A gida kuwa labari ya riga shi isa. Tabawa ta tare shi da hawaye. "Maigida, ka tona mana asiri a tsakiyar kasuwa!"

Ya duba hannuwansa ya ce, "Ni? Ko fartanya ban riƙe ba."

Delu ta juya fuska ga bango. Kwana biyu ba ta amsa gaisuwarsa ba, shi kuwa kullum sai ya zauna a bakin ƙofarta ya gaishe ta sau uku kafin ya tafi inji.

Wata rana Malam Sallau ya ce masa, "Tafiyar nan da nisa, kuma akwai tuddai. Kullum da safe ka je tudun bayan makaranta ka yi ta hawa da sauka, ƙafarka ta saba." Bayan mako guda malamin ya biyo ta wajen a kan babur. Ya tarar da Nomau a gindin tudun, ya riƙe keke, ya haye sirdi, ya sauko, ya sake hayewa, ya sake saukowa, gumi na tsiyaya daga haɓarsa. Keken bai matsa ko taku ɗaya ba. Ƙasar wurin ta yi rami saboda dirar ƙafa.

"Nomau, me kake yi haka?"

"Hawa da sauka, Malam. Yau na yi ɗari biyu."

Da Tabawa ta ba Delu labarin, Delu ta yi dariya har ta riƙe ƙirji. Rabon da a ji dariyarta a gidan tun kafin damina. Da yamma ta kira shi da kanta ta ce ya shigo ya zauna.

Ana gobe hawan, Malam Sallau ya kawo masa farar riga da wata takarda da aka rubuta sunan Delu da manyan baƙaƙe. Yana sauri, don haka a tsaye ya ce, "Ka ga, kowa da wanda yake hawa dominsa. A bayanka za ka goya shi tun daga farko har ƙarshe. Kada ka manta." Shi takardar yake nufi, wadda ake maƙala wa riga. Nomau ya ce ba zai manta ba.

Da gari ya waye ya ɗora matashin kai a mazaunin bayan keke, ya ɗaure da igiya, ya je ƙofar Delu. "Yaya, ki shirya. Malam ya ce a bayana zan goya ki."

Tabawa ta ce, "Inna lillahi! Maigida, takardar ake nufi, takardar!"

Delu ta san sarai abin da malamin yake nufi. Ta dubi bangon da ta shafe wata biyar tana kallo, ta dubi ƙanenta da ke tsaye da farar riga da ta yi masa yawa. Ta ce, "Tabawa, miƙo min mayafina. Ni na goya shi yana jariri. Yau bari ya rama."

A mararraba kekuna sun fi ɗari, sababbi masu sheƙi, mahayansu da hulunan kwano. Sai ga Nomau ya iso, yayarsa a baya ta riƙe ƙugunsa, takardar sunanta maƙale a mayafinta. Malam Sallau ya dafe kai. Shugabar tafiyar, wata likita mai suna Dakta Rakiya, ta zo da sauri. Ta riƙe hannun Delu ta ji bugun jininta, ta yi mata tambayoyi, sannan ta ce, "Baba, jikinki ba zai ɗauki kilomita arba'in ba."

Delu ta ce, "Na sani, Likita. A bar ni in kai inda zan iya."

Likitar ta ce motar asibiti ta biyo su a baya, kuma da zarar ta ce a tsaya, a tsaya.

Aka busa usur, kekuna suka fice kamar an kore su. Nomau ya bi a hankali, yana kauce wa kowane rami, yana tambaya, "Yaya, kina nan?" Ita kuwa tana kallon gero da ya fara fitar da kai, da balbelu a bayan shanu, iska na shiga ƙarƙashin ɗankwalinta.

A kilomita na bakwai, a wani gari da ake kira Rafin Kanya, likita ta ce ya isa. Aka zaunar da Delu a gindin bishiya kusa da famfo, inda mata suka fito kallon masu keke. Suka kewaye ta. Wata ta karanta takardar ta ce, "Wai ke ce mai ciwon? Ga ki kuwa kina magana."

Delu ta ce, "Ni ce." Ta zame ɗankwalinta suka ga kan. "Shekara guda ina jin ƙullutu a nan, ina ɓoyewa saboda kunya. Ba ya ciwo, sai na ce ba komai. Da na je asibiti suka ce na makara. Duk wadda ta ji irinsa, ga likita nan, mace ce 'yar'uwarku."

Ba wadda ta motsa. Can sai wata matashiya mai goyo, Yalwa, ta ajiye bokitinta ta nufi motar ba tare da ta dubi kowa ba. Wasu biyu suka bi ta. Dakta Rakiya ta ja labulen motar. Ranar likitar ba ta kai birni a kan keke ba, a Rafin Kanya ta wuni.

Nomau kuwa ya ƙi tafiya, ya ce an ce har ƙarshe. Sai da Delu ta cire mayafinta mai takardar ta ɗaura masa a baya da hannunta, ta ce, "Ga ni nan. Tafi." Ya isa birni bayan la'asar, shi ne na ƙarshe, ana ta kwashe kujeru. Waɗanda suka rage suka miƙe tsaye suka tafa masa.

Delu ta rasu bayan an gama girbi. Ranar sadakar uku, Nomau na zaune a zaure, sai aka ce wata baƙuwa daga Rafin Kanya tana son yi masa ta'aziyya. Yalwa ce, ta rame kaɗan, ɗanta a hannu. Ta durƙusa ta yi addu'a, sannan ta ce, "Malam, an yi min aiki a birni, an cire abin. Likitoci sun ce na zo da wuri."

Nomau ya gyaɗa kai, ya share ido da hannun riga. Ya ce, "Kin kyauta da kika yi sammako. Ki gaya wa sauran matan garinku su ma su riƙa fita da wuri."

Mutanen da ke zauren sun saba yin dariya duk sa'ad da Nomau ya buɗe baki. Ranar babu wanda ya yi. Yalwa ta ce, "In Allah ya yarda, zan gaya musu."