Shugaban Kwamitin Tare Rana

Kowane gari da irin arzikin da Allah ya ba shi. Wani kasuwa, wani fadama. Ita kuwa Ɗorawar Shago, ƙauyen da ke gefen Ɗanbatta, Malam Sama'ilu aka ba ta, kuma in ka tambaye shi zai gaya maka ta fi kowa rabo.

Malam Sama'ilu masani ne. Bai shiga jami'a ba, amma ya daɗe yana ajiye mota a ƙofarta, don shi ne direban wani malamin kimiyya a Kano har mutumin ya yi ritaya. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Duk abin da maigidan ya faɗa a waya daga kujerar baya, ta ƙeyar Sama'ilu ya bi. Ya dawo gida da farin gilashin da ba ya ƙara gani, da birori a jere a aljihun gaba, da kalmar "a kimiyyance". Samari suka laƙaba masa Farfesan Sitiyari. Rabin farko yake amsawa. Rabin ƙarshe bai taɓa isa kunnensa ba.

Ana tsakiyar kaka, kowace ƙofar gida shanyar gyaɗa, sai rediyo ya kawo labari. Wai masana sun ga wani dogon zare na iska mai tsananin zafi, wanda maganaɗisu ke riƙe da shi a saman rana, ya tsinke. Rana ta yi gagarumar walƙiya, ta watso ɓurɓushi, wani sashensa ya nufo duniya. In ya iso, mai yiwuwa ya rikita taurarin ɗan'adam, rediyo ya yi ta shuu, wuta ta ɗauke a wasu ƙasashe. Mai karanta labarin ya ƙara da cewa ba abin tsoro ba ne ga mutum ko amfanin gona. Amma kafin ya zo nan Farfesa ya riga ya miƙe yana neman takalminsa. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Bayan la'asar ya tara jama'a, ya hau bencin Sabo mai shayi, ya gyara gilashi.

"Jama'a, ku natsu. Rana ta tsinke. A kimiyyance, zaren da ke ɗaure da ita ya gaji. Mu da muka yi aiki a wannan fanni mun daɗe da hango haka, ni da abokin aikina."

Abokin aikin shi ne mai kujerar baya.

"Masifa ta farko, za a ɗauke wuta."

Mutane suka ɗaga kai suka dubi falwayoyin da aka kafa tun wani zaɓe da ya shuɗe, waɗanda har yau ba su ga waya ba sai kurciyoyi. Wani dattijo mai suna Buwai, wanda gonarsa ke bayan coci, ya ce a hankali, "To ai sai a fara kawo ta, Malam."

Farfesa bai ji ba. Manyan masana ba sa jin ƙananan maganganu.

"Ta biyu, sabis ɗin waya zai gudu."

Wannan ma ba ta girgiza kowa ba, domin sabis a garin a kan jujin bayan firamare kawai yake sauka, shi ma sai ka ɗaga hannu kamar mai rantsuwa. Da Farfesa ya ga masifunsa biyu sun faɗi ba su kashe ko kiyashi ba, sai ya ƙera ta uku nan take.

"Ta uku, duk abin da aka shanya a rana zai sha dafi. Gyaɗa ce kan gaba."

A nan wuri ya yi tsit. Gyaɗa ita ce suturar yara, ita ce takin baɗi, ita ce gyaran ɗakin da damina ta ci. Farfesa ya ji daɗin shirun nan kamar an ɗura masa zuma. Kafin magariba ya kafa Kwamitin Tare Rana, ya tsaya takarar shugabanci, ya yi nasara ba hamayya.

Washegari ya fito aiki da laima wadda ya liƙe da ledar biskit mai ƙyalli, da eriyar wani mataccen rediyo. Sai ya nuna rana da eriyar, ya kara ta a kunne, ya girgiza kai. Gida gida ya bi yana ba da umarnin a kwashe shanya. Matan garin masu ladabi ne. "To, Malam," in ji su, su tattara gefen tabarma. Yana shan kwana su baje abinsu.

Gida ɗaya ne dokar ta yi aiki sosai, shi ne nasa. Matarsa Mairo ta tare shi a tsakar gida.

"Malam, ɗanya ce fa shakaf. Jiya aka tsinke ta."

"Mairo, kin san maganaɗisu?"

"Ban san shi ba."

"To bar wa waɗanda suka san shi."

Ya ɗura gyaɗar shekara guda a buhuna, ya naɗe da tamfol, ya tura ɗakin ajiya mai rufin kwano, ya yaɓe taga da laka, ya datse kwaɗo. Ko sauro bai bar wa hanya ba, balle dafi.

Ɓurɓushin rana ya iso kamar yadda aka faɗa. Can ƙasashen sanyi sama ta yi kore da ja, mutane suka fito suna ɗaukar hoto. A Ɗorawar Shago kuwa rediyon Sabo ya yi shuu na ɗan lokaci, Sabo ya mare shi kamar kullum, ya ci gaba da magana. Farfesa ya sanar cewa kwamiti ya yi nasara. Ya fara faɗa a majalisa cewa a wasu ƙasashe irinsa kansila ake ba su, ba don yana so ba.

Da gari ya gama kwashe busasshiyar gyaɗarsa, mai ƙara in an girgiza, sai Farfesa ya gayyaci kowa bikin buɗe ɗaki, har da mai unguwa Nababa, domin a ga bambancin ilimi da jahilci. Ya sa babbar riga. Ya yi jawabi mai tsawo. Ya buɗe kwaɗo.

Warin ne ya fara fitowa gaishe da baƙi. Sahun gaba ya koma na baya. Mai unguwa ya ja rawaninsa ya rufe hanci. Aka yaye tamfol, ga gyaɗa ta yi baƙi ƙirin, fumfuna ya yi mata gemu fari fat, wata ma har ta gaji da jira ta tsiro. Wata akuya ta leƙo, ta shinshina, ta juya da mutuncinta.

Gwano ba ya jin warin jikinsa. Farfesa ya gyara gilashi, ya fuskanci jama'a.

"Kun ga ƙarfin abin? Ta cikin kwano da tamfol ya ratsa. Ku yi tunanin da a fili take."

Jama'a suka dubi juna, don kowa tasa a fili ta yini. Mairo ce ta ɗauko tsintsiya da kwando, ta tsaya bakin ƙofa tana duban abincin shekara.

"Sannu da ƙoƙari, Malam," ta ce. "Duk faɗin ƙasar Kano gyaɗarmu kaɗai rana ta kashe, kuma ita kaɗai ce ranar ba ta gani ba. Matsa in wuce."