Nomau Mai Injin Niƙa da Harajin Yanar Gizo

A ƙauyen Tsamiyar Dogo an yi wani mutum ana ce masa Nomau, mai injin niƙa. Injin gadon ubansa ne, kuma babu wani a garin sai shi, saboda haka duk tuwon da aka tuƙa a Tsamiyar Dogo ta hannunsa garin ya biyo. Nomau ba ya ƙarya, ba ya tauye mudu, ba ya faɗa da kowa. Abu ɗaya ne da shi: yadda magana ta fito daga bakinka haka yake ɗaukarta, ba ya leƙa bayanta. A gidan akwai matarsa Tasalla, wadda ta daɗe da koyon auna kalma kafin ta aike shi, da tsohuwarsa Inna Kande, wadda ta ce tun yana goye haka yake. Yayansa Shekarau kuwa direban motar haya ne, a birni yake zaune.

Wata rana wani ma'aikacin haraji ya zo ƙofar gidan mai unguwa, aka tara masu sana'a. Ya ce yanzu an daina bin mutane rumfa-rumfa, kowa zai bayyana wa hukuma abin da ya shigo masa a shekara, ta yanar gizo, kafin watan Maris ya ƙare. Ya ce, "In lokaci ya wuce ba a yi ba, za a ci mutum tara." Jama'a suka watse suna gunaguni, Nomau kuwa ya koma gida. Ya ce wa Tasalla, "Mutum tara za su ci. Kin kuwa san da masu jiki za a fara." Tasalla ta dubi tumbinsa, ta ce ai kuɗi ake nufi. Ya ce shi dai mutum ya ji an ce, da kunnensa. Ranar bai taɓa tuwo ba, wai kada ya ƙara ƙiba.

Wata rana ya kifa turmi a zaure ya zauna, don ya ga abin da zai shigo masa. Akuyar maƙwabcinsa Korau ta shigo, ya ɗaure ta. Zabuwa ta shigo, ya kife ta da kwando. Wajen azahar sai ga surukarsa ta zo ganin ɗiyarta. Ya durƙusa ya gaishe ta kansa a ƙasa, tana wucewa ciki ya ja ƙyaure ya danna kwaɗo. Da la'asar Tasalla ta buga ƙofa.

"Malam, buɗe, Iya za ta koma gida."

"Ba ta fita sai na bayyana ta."

"Ka bayyana ta ga wa?"

"Ga hukuma mana. Ai shigowa ta yi."

Sai da Korau ya zo neman akuyarsa ya kirawo mai unguwa, shi ya fahimtar da Nomau cewa abin da injin ya kawo ake nufi. Surukar ta fita ba ta kalli kowa ba. Turmin atamfa aka kai mata kafin ta sake amsa gaisuwarsa.

Wata rana ya sa wani malamin firamare ya rubuta masa abin da injin yake kawowa a takarda. Ya dawo ya tsaya a ɗakin injin yana duban rufi, inda yanar gizo ta yi fari fat da ƙurar gari. Ya hau buhu ya ɗora takardar, ta yage yanar ta faɗo. Ya ce wannan ba ta da ƙwari. Ya leƙa tsohon rumbu ya hango wata mai kauri, ya zura hannu, ashe gidan rina yana gefenta. Da ya fito, idonsa ɗaya ya rufe, leɓensa ya yi kamar ƙosai. Inna Kande tana shafa masa man shanu ta tambaye shi ko saƙon ya tafi. Ya ce, "Ban sani ba, Inna, amma masu gadinsu sun karɓe ni."

Wata rana Tasalla ta kira masa Shekarau a waya. Shekarau ya ce, "Kai, ba wannan yanar ba, ta cikin waya ake nufi. Ka fara buɗe asusu tukuna, in ka gama ka kira ni." Asusu ɗaya Nomau ya sani, na yumɓu, a ƙarƙashin gadon Tasalla, wanda take tara kuɗin tunkiya a ciki. Ya jira ta fita rijiya, ya jawo shi tsakar gida ya sa masa taɓarya. Sannan ya kira.

"Yaya, na buɗe."

"Madalla. Me ka gani a ciki?"

"Kuɗin Tasalla."

Shekarau ya kashe wayar. Tasalla ta dawo ta tsince abinta daga cikin tsingaro. A ɗakin Inna ya riƙa cin abinci har sai da ya sayo mata sabon asusu, na ƙarfe, mai makulli.

Wata rana Shekarau ya biyo da fasinja, ya tsaya don ya yi wa Nomau aikin harajin da kansa. Ya danna waya, ya ɗaga ta sama, ya matsa gindin bishiyar bedi, shafin ya ƙi buɗewa. Ya ce, "Sabis ya tafi. In ya dawo ka sanar da ni." Ya ja motarsa. Gari na wayewa Nomau ya rufe injin ya tafi tasha da gorar kunu, don kada baƙo ya sauka ba mai tarbarsa. Duk wanda ya sauko daga mota sai ya tare shi: "Kai ne Sabis?" 'Yan kamasho suka riƙa ce masa yana motar baya. Can gari kuwa kwanonin hatsi sun yi layi a ƙofar injin, mata sun koma daka a turmi. Da hannuwansu suka yi kanta, sai suka haɗu suka je tasha suka taso shi a gaba har gida.

Wata rana Shekarau ya gaji, ya ce wa Nomau ya tafi ofishin haraji na cikin gari, akwai masu taimaka wa waɗanda ba su iya ba. Nomau ya samu wata ma'aikaciya a gaban kwamfuta. Ta tambayi sunansa da sana'arsa, ya faɗa. Ta ce, "Akwai wanda kake ɗauke da nauyinsa?" Ya waiga ya dubi kafaɗunsa, ya ce a yanzu dai babu. Ta ce tana nufin kamar iyaye. Ya ce akwai Inna. Ta ce to ya dawo da shaidar cewa yana ɗauke da nauyinta. Kashegari ya goyo Inna Kande tun daga tasha, ya ratsa kasuwa, ya hau matakala, ya tsaya a gaban tebur yana haki.

Ma'aikaciyar ta miƙe tsaye. "Subhanallahi! Baba, ba ki da lafiya ne?"

"Lafiyata lau, 'yar nan. Shi ya ce hukuma ce ta ce."

Aka ba tsohuwa kujera da ruwa. Kafin a gama dariya wuta ta ɗauke, aka ce ya dawo wani lokaci.

Wata rana, wata ya kusa ƙarewa kuma yawancin masu sana'a ba su yi komai ba, sai ga wani baƙo a kan babur, da kwamfuta a jaka da kati rataye a wuya. Ya ce ofishin haraji ne ya turo shi don ya sauƙaƙa wa mutanen ƙauye. Kowa ya kawo katin banki da lambar sirri, ya cike masa komai nan take. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwa, mahauta da teloli da masu shayi suka yi layi suna sa masa albarka. Da aka zo kan Nomau, baƙon ya ce, "Kawo katinka." Ya miƙa masa katin asibitin Inna. Ya ce ba wannan ba. Ya miƙa katin bikin ƙanwar Tasalla. Ya ce na banki. Ya miƙa.

"Lambar sirri."

Nomau ya ce, "Yallaɓai, in na faɗa maka ai ta tashi daga sirri. Sai dai in ka san wata hanyar."

Baƙon ya yi bayani, ya sake yi, layi ya fara tsaki. Daga ƙarshe ya jefa masa katinsa ya daka tsawa: "To je ka kira shugaban ofis ya zo ya yi maka da kansa!"

Mutane suka kwashe da dariya. Nomau ya ce, "To, Yallaɓai." Ya hau kekensa ya kama hanyar cikin gari.

A ofis ya ce shugaba yake nema, ma'aikacinsa ne ya aiko shi. Aka kai shi gaban wani dattijo mai tabarau. Nomau ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, yaronka da ke karɓar katin banki da lambar sirri a Tsamiyar Dogo ya ce ka zo ka yi mini da kanka."

Dattijon ya cire tabarau. "Lambar sirri? Mu ba ma tambayar kowa wannan. Kuma ba mu tura kowa ba. Yana can har yanzu?"

"Yana can. Layin da tsawo."

Aka ɗora keken Nomau a bayan mota, aka biya aka ɗauki 'yan sanda. Sun iso baƙon yana ɗaure jakarsa a babur, katunan mutane cike da aljihunsa, bai kai ga taɓa kuɗin kowa ba. Aka mayar wa kowa nasa, aka ce su je banki su sake lamba. Shugaban ya zauna a kan tabarmar nan ya cike wa Nomau bayanansa da kansa, ya ce sauran su zo ofis gobe, kyauta ne. Mahauta da teloli kuwa babu mai iya haɗa ido da wani.

Ana tura baƙon cikin mota da ankwa a hannu, Nomau ya matso ya leƙa ta taga.

"Yallaɓai, ga shi na kira shi, ya kuma yi mini. Akwai wani aiken?"